Daga rajista zuwa aikin farko: yadda ɗan talaka zai gama jami'a ya samu abin yi

Tun da jami'o'in gwamnatin tarayya suka ƙara kuɗin rajista a 2023, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da tambaya iri ɗaya ba. Wani uba ne da ɗansa ya samu gurbi amma aljihu babu nauyi, wata ɗaliba ce a aji biyu da ta fara tunanin ajiye karatun. Duka dai tambayar ita ce: yaya mai ƙaramin ƙarfi zai yi ya gama, kuma idan ya gama takardar ta amfane shi? Amsar da ake bayarwa a tsaitsaye a ƙofar masallaci ko ta waya ba ta isa, shi ya sa na zauna na jero matakan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na lura da shi a yaran da suka maƙale a hanya shi ne, yawancinsu ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Wani ɗan ƙaramin aiki ne da ya kamata a yi a watan farko aka bari har shekara ta huɗu. Don haka jerin nan yana da muhimmanci, kada ka tsallake na gaba ka ce za ka dawo masa.

1. Tabbatar da gurbin kafin ka biya ko sisi

Shiga shafinka na JAMB da kanka, ka buɗe sashen CAPS, wato inda ake nuna gurbin da aka ba ɗalibi, ka ga sunan makarantar da kwas ɗin da aka ba ka, ka danna amincewa, sannan ka buga takardar shaidar gurbin. Tun 2017 ta wannan hanyar ake ba da gurbi a hukumance. Idan makaranta ta kafe sunanka a allo ko a shafinta amma CAPS bai nuna komai ba, to ba ka samu gurbi ba tukuna, ko da ka fara shiga aji.

Sai ka bincika ko kwas ɗin yana da amincewar hukumar da ke kula da shi: NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE ga kwalejojin ilimi. Kwas irin aikin jinya, haɗa magunguna, lauya da injiniya suna kuma buƙatar amincewar majalisar sana'ar tasu.

Gargaɗi: wanda sunansa bai shiga kundin ɗaliban JAMB ba, ba za a tura shi bautar ƙasa ba, kuma ba zai iya neman lamunin karatu na gwamnati ba. Duk wanda ya ce maka "fara zuwa kawai, daga baya za a gyara", shekarunka huɗu yake wasa da su.

2. Daidaita sunanka a duk takardu

Ɗauko sakamakon WAEC ko NECO, da takardar JAMB, da katin NIN, da bayanan BVN, da takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma. Shimfiɗa su a tabarma ka duba harafi bayan harafi. Mu Hausawa nan ne matsalarmu: Muhammad a wannan, Mohammed a wancan, Aisha a ɗaya, Aishatu a ɗaya, wani wurin sunan mahaifi ne a ƙarshe, wani wurin sunan gari. Ranar haihuwa ma haka, musamman ga waɗanda malamin firamare ya ƙiyasta musu.

Gyaran NIN a hukumar NIMC ake yi, na BVN a banki, kuma dukansu suna cin lokaci. Ka yi su yanzu da babu abin da ke korar ka. Na ga yarinyar da kuɗin tallafinta ya tsaya wata da watanni saboda harufa biyu a ƙarshen sunanta, tana ta zirga-zirga tsakanin banki da kafe, wato shagon intanet, alhali ana tsakiyar jarrabawa.

A nan kuma ka buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, ka tsayar da lambar waya ɗaya wadda aka yi wa rajista da NIN ɗinka. Ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka ta imel. Asalin takardun a sa su a leda a ajiye a gida wurin Inna, kwafi ne ke yawo a jaka.

Gargaɗi: kada ka bar mai kafe ya sa lambar wayarsa ko imel ɗinsa a rajistarka. Duk saƙon sirri wurinsa zai riƙa zuwa, ranar da ya rufe shago ko ya sauya layi, kai ne a ciki.

3. Yi lissafin shekara gaba ɗaya

Kuskuren iyaye shi ne su haɗa kuɗin rajista kawai su ce an gama. Rajista ɗaya ce daga cikin abubuwa shida: rajista, wurin kwana, abinci, kuɗin mota, takardun karatu da data, sai ɗan abin da za a ajiye saboda rashin lafiya. Don ka ga girman na farkon, lokacin da Jami'ar Bayero ta Kano ta yi ƙari a 2023, kuɗin ya kama daga wajen naira 95,000 zuwa 220,000 gwargwadon kwas. Kowace makaranta da nata jadawalin, kuma yana sauyawa, don haka ka ɗauko na shekarar da kake ciki daga shafin makarantarka, kada ka dogara da abin da yayanka ya biya.

Ɗakin kwana na cikin makaranta ya fi haya a waje sauƙi nesa ba kusa ba, amma gadajen ba su da yawa, kuma galibi wanda ya gama rajista da wuri shi ke samu. Idan bai samu ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku kama ɗaki kusa da ƙofar makaranta. Ɗaki mai araha da ke nesa yaudara ce, abin da ka rage a haya ɗan adaidaita zai karɓe.

Abinci kuwa a taho da shi daga gida: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, wake, shinkafa, man gyaɗa, yaji, busasshiyar kuɓewa da kuka. Ku yi tukunya ɗaya da abokan ɗaki. Ɗalibin da ke sayen abinci sau uku a rana ba ya kai tsakiyar wata.

Gargaɗi: a makarantun tarayya galibi ta Remita, wata hanyar biyan kuɗi ta intanet, ake biya, da lambar da ka ciro da kanka daga shafin makaranta. Kada ka tura kuɗin rajista asusun wani mutum, ko da ma'aikaci ne. Ka adana rasit na kowane zango, za a nemi su duka ranar da za ka fita.

4. Nemi lamunin NELFUND idan kana buƙata

NELFUND shi ne asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai lamunin karatu. Nan zan ɗan tsaya, domin shi aka fi tambaya ta a kai. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar lamunin ɗalibai a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Dokar farko ta 2023 ta nemi masu tsaya wa ɗalibi tare da ƙayyade abin da iyayensa ke samu. Sabuwar ta cire waɗannan. Lamunin na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi, kuma babu ruwa a kansa. Wannan ne abin da ya fi damun iyaye da yawa a wajenmu, to abin da ka karɓa shi za ka mayar.

Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta, wanda ake tura wa makarantar kai tsaye ba ya bi ta hannunka, sai kuɗin kashewa naira 20,000 a wata da ke shiga asusunka.

Ga yadda ake yi. Ka tanadi lambar JAMB, NIN, BVN, lambar ɗalibi ta makaranta, takardar gurbi da asusun banki mai sunanka. Ka shiga nelf.gov.ng ka buɗe asusu, za a tantance ka da lambar JAMB da bayanan makarantarka, ka tabbatar da imel, ka cike bayanan banki, sannan ka zaɓi ko kuɗin makaranta kaɗai kake so ko har da na kashewa. Bayan ka aika, ka riƙa leƙa shafin kana ganin inda takardarka ta tsaya. Kowace shekarar karatu ake sake nema.

Idan shafin ya ce bai gane ka ba, yawanci makarantarka ce ba ta ɗora sunanka ba tukuna, ko kuwa matsalar sunan nan ce ta mataki na biyu. Ofishin kula da harkokin ɗalibai za ka je, mai kafe ba shi da maganin wannan. Idan kuma ka riga ka biya rajista da kuɗinka kafin lamunin ya iso, makaranta ce za ta mayar maka, sai ka rubuta takardar nema ka haɗa da rasit, ka ajiye kwafi, ka bibiya.

Yanzu maganar da ba a son ji. Bashi ne. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cirar kashi 10 cikin 100 na albashi. Mu yi lissafi: idan rajistarka 100,000 ce a shekara, shekara huɗu 400,000 ke nan. Idan ka karɓi na kashewa wata 12 a kowace shekara, 960,000 ne. Jimilla 1,360,000. Mai albashin 100,000 da ake cire masa 10,000 a wata zai yi wata 136 yana biya, sama da shekara 11. Ni ina ganin ya cancanci a karɓa, domin barin karatu ya fi wannan tsada, amma idan gida za su iya ciyar da kai, karɓi na rajista kawai. Ka kuma san cewa 20,000 idan aka raba ta kwana 30 ba ta kai 700 a rana ba. Taimako ce ga buhun da ka zo da shi daga gida, ba za ta maye gurbinsa ba.

Gargaɗi: neman lamunin kyauta ne. Duk wanda ya ce kawo wani abu ya hanzarta maka, ko ya nemi lambar sirrin katinka, ɓarawo ne.

5. Rajistar kwasa-kwasai da lissafin maki

Nemi littafin jagorar sashenku tun makon farko. A ciki akwai kwasa-kwasan dole, da na zaɓi, da adadin yunit, wato ma'aunin nauyin kowane kwas, da ake buƙata kafin a yaye ka. Yawancin jami'o'i suna barin ɗalibi ya ɗauki tsakanin yunit 15 zuwa 24 a zango. Ka cike fom, ka kai wa kodinetan ajinku ya sa hannu, ka ajiye kwafi.

Wani yaron unguwarmu sai da ya gama jarrabawar ƙarshe, an yi walima an ɗauki hotuna, sannan aka gano wani kwas na gama-gari mai yunit biyu da bai yi wa rajista ba tun aji biyu. Ya zauna jarrabawar a wancan lokacin, ya ma ci, amma tunda babu shi a fom ɗinsa, ba a ƙirga ba. Shekara guda ya ƙara saboda shi, da sabon kuɗin rajista, abokansa suna sansanin bautar ƙasa yana gida.

Ga yadda makin yake a jami'o'in da ke amfani da ma'aunin 5. Daga 70 zuwa sama A ne, maki 5. Daga 60 zuwa 69 B, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da haka faɗuwa ce. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit, shi ne CGPA. Daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40, ta uku daga 1.50. Kwalejojin fasaha da ma'aunin 4 suke aiki, ka duba naku.

Dalilin da ya sa nake matsa wa 'yan aji ɗaya shi ne wannan lissafin. A ce kwas ɗinka yunit 120 ne, 30 a kowace shekara, kana son fita da 3.50. Maki 420 kake buƙata. Idan ka gama aji ɗaya da 2.00, maki 60 ka tara, saura 360 a yunit 90, wato sai ka riƙa samun 4.00 shekara uku a jere, a lokacin da karatu ya fi wuya. Wanda ya gama aji ɗaya da 4.00 kuwa, 3.33 ma ta ishe shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Aji ɗaya kusan maimaicin sakandare ne, kuma shi ne lokacin da yara ke shagala da sabon wuri da sababbin abokai.

Ka fi ba kwasa-kwasai masu yunit uku da huɗu ƙarfi. A a kwas mai yunit uku maki 15 ne, a mai yunit ɗaya maki 5.

6. Karatun yau da kullum, da abin yi idan ka faɗi

Ka shiga aji. Dokar yawancin makarantu ita ce sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar ka ka zauna jarrabawa, kuma a aji ne malami ke nuna inda hankalinsa yake. Gwaji da aikin gida suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100. Wanda ya shiga ɗakin jarrabawa da 25 a hannu, da wuya ya faɗi.

Abin da aka koyar yau a duba shi yau, ko da minti talatin ne bayan isha'i ko bayan asuba. Ka nemi tambayoyin shekarun baya daga 'yan ajin sama tun farkon zango, ka amsa su a rubuce kana duba agogo. Ka shiga rukunin karatu na mutum huɗu ko biyar. Idan ya wuce haka hira ce. Ƙungiyoyin ɗalibai na addini da na sashe suna shirya darasin ƙari kyauta a yawancin makarantu, ka je.

Akwai abin da ba a cika faɗa wa yaranmu ba. Da yawa daga waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati sun fahimci darasin, Turancin rubuta amsar ne ke kayar da su. Babu abin kunya a nan, amma ba ya gyaruwa da kansa. Ka karanta shafi biyu na jarida kullum, ka rubuta taƙaitaccen bayanin lakcar ranar da kalmominka, ka ba wanda ya fi ka ya gyara. Cikin zango biyu za ka ga bambanci, kuma wannan Turancin shi za a gwada ka da shi ranar neman aiki.

Idan sakamako ya fito, ka duba da idonka, ka rubuta a littafi. Idan maki ya ɓace alhali ka zauna jarrabawar, ka rubuta ƙorafi ga jami'in jarrabawa na sashe a makon nan, lokacin da takardar halarta da takardar amsarka suna kusa. Idan ka faɗi kwas, ka sake masa rajista a zangon da ya fara zagayowa, kafin sababbi. Ka sani a yawancin jami'o'i sifilin farko yana nan cikin lissafi ko bayan ka ci. Kuma akwai iyakar shekaru: kwas na shekara huɗu galibi shida ce ƙarshensa.

Idan rashin lafiya, haihuwa ko rashin kuɗi ya tilasta maka tsayawa, ka rubuta takardar neman ɗage zango ta hannun shugaban sashe, ka karɓi amsa a rubuce. Wanda ya ɓace ba sanarwa, sifili ake jera masa.

Gargaɗi: satar amsa kora ce, ko a ajin ƙarshe ne. Haka ba malami kuɗi. Ke kuma ƙanwata, idan wani ya nemi ki biya maki da mutuncinki, ki adana saƙonnin, ki sanar da gida, ki kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kada ki je ofishinsa ke kaɗai.

7. Tallafin da ba a mayarwa

Daga aji biyu maki yakan fara zama kuɗi. Hukumar tallafin karatu ta jiharka, da ta tarayya, da asusun bunƙasa fasahar man fetur na PTDF, da kamfanin iskar gas na NLNG, da kamfanonin mai masu haɗin gwiwa da NNPC, da gidauniyar MTN duk suna ba ɗaliban jami'a tallafi. Na MTN na fannin kimiyya da fasaha, alal misali, na 'yan aji uku ne masu CGPA 3.50 zuwa sama. Wasu kan yi jarrabawa a kwamfuta, lissafi da Turanci da tambayoyin basira, don haka ka saba da su tun da wuri. Gwamnatocin jihohi ma kan shigo: a 2023 gwamnatin Kano ta biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero kuɗin rajista. Irin wannan sai mai kunne a ƙasa, wanda takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ke hannu.

Ka nemi duk wanda ka cika sharaɗinsa, ka riƙa duba shafin hukumar da kanta. Tallafin gaskiya ba ya neman kuɗin fom ta asusun wani.

8. Koyi abu ɗaya da ake biya a yi

Nan ne batun fita daga talauci yake. Takardar digiri tana sa a kira ka, amma abin da ka iya ke sa a riƙe ka. Kafin ƙarshen aji biyu ka zaɓi ƙwarewa ɗaya da ke kusa da kwas ɗinka, ka bi ta har ka iya ta sosai. Mai karanta lissafin kuɗi ko tattalin arziki ya ƙware a manhajar lissafi ta Excel. Mai injiniyan lantarki ya bi masu haɗa sola. Mai aikin gona ya yi kiwon kaji ko kifi da hannunsa, ko da guda ashirin ne a bayan gida. Mai Hausa, Larabci ko Turanci ya koyi fassara da gyaran rubutu da buga takardu. Mai aikin jarida ya iya haɗa bidiyo da sauti. Mai kwamfuta ya gina wani abu da za a iya buɗewa a gani.

Ba sai da kuɗi mai yawa ba. Shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa, da aka fara a 2023, yana koyar da fasahar zamani kyauta. Kamfanin Cisco na da darussa kyauta a intanet, shafin darussa na Coursera kuma yana karɓar roƙon rangwame. Sana'ar hannu kuwa, oga a kasuwa ya fi kowane shafi. Dogon hutu lokacinta ne. A yajin aikin ASUU na 2022 an zauna wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wasu sun koma makaranta da sana'a a hannu, wasu sun koma yadda suka tafi.

Idan za ka riƙa neman kuɗi lokacin karatu, zaɓi wanda kai ke tsara lokacinsa: koyar da yara darasi da yamma, ɗinki, aski, kitso, gyaran waya, sayar da data. Ka rage shi idan jarrabawa ta rage wata ɗaya.

Gargaɗi: cacar ƙwallo da shafukan "zuba dubu goma ka kwashi ashirin" sun cinye kuɗin rajistar ɗalibai da yawa. Kuɗin makaranta ba jari ba ne.

9. SIWES da koyarwar gwaji

Masu kwasa-kwasan kimiyya, fasaha, injiniya da noma suna fita koyon aiki a ƙarƙashin SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi. Masu ilimi kuma suna zuwa koyarwar gwaji. Ka fara neman wuri wata uku kafin lokaci, ka zaɓi inda za a bar ka ka taɓa aiki, ko da ƙaramin kamfani ne. Ofishin da za ka zauna a benci a sa maka hannu a littafi hasarar wata shida ne. Ka cike littafin kullum, ka zo da wuri, ka yi tambaya, kuma ranar tafiya ka roƙi takardar shaida da lambar wanda ya kula da kai. Bayan ka tafi ka riƙa gaishe shi. Ɗan talaka ba shi da kawu a ma'aikata, irin waɗannan mutanen su ne kawunnansa.

10. Ajin ƙarshe

A farkon shekarar ka zauna da kodineta ku bi sakamakonka tun daga aji ɗaya, kwas bayan kwas, ku tabbatar babu abin da ya rage. Aikin binciken kammalawa yana da yunit mai yawa. Zaɓi batun da za ka iya samun bayanansa ba tare da tafiya mai tsada ba, kuma wanda za ka iya nuna wa mai ɗaukar aiki. Ka ware kuɗin bugawa da ɗaurewa. Kada ka saya, domin ranar kare shi tambaya biyu ta isa ta tona ka, kuma daga Oktoban 2025 gwamnati ta sa sharaɗin ɗora aikin a rumbun bayanan ilimi na ƙasa, NERD, kafin a tura mutum bautar ƙasa.

Ka san malamai biyu da suka san ka da suna, za ka buƙaci wasiƙarsu. Idan sana'arka tana da jarrabawar ƙwararru, kamar TRCN ga malamai ko ICAN da ANAN ga akantoci, ka binciki kuɗinta da lokacinta tun yanzu.

11. Bautar ƙasa da aikin farko

Ka tabbatar sunanka yana jerin da majalisar jami'a ta aika wa NYSC, hukumar bautar ƙasa, kuma ya yi daidai da na JAMB. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi. Matar aure tana iya neman a kai ta jihar mijinta idan ta gabatar da takardun aure. Sansani mako uku ne, a ciki akwai shirin koyon sana'a na SAED. Ka ɗauke shi da gaske, ka ci gaba da shi bayan sansani.

Alawus ya koma naira 77,000 a wata tun Maris na 2025. Idan aka kai ka ƙauyen da makaranta ta ba ka ɗaki, kana iya ajiye 25,000 duk wata; a wata 12 ka tara 300,000. Ka buɗe wa wannan ajiyar asusu dabam wanda ba ka da katinsa. Wannan kuɗin shi ne keken ɗinki, ko kwamfuta, ko kuɗin jarrabawar ƙwararru, ko kuɗin motar zuwa ganawar neman aiki.

Neman aiki tun wata na shida ake fara shi. Bankuna da manyan kamfanoni masu ɗaukar sababbin masu digiri sukan sa iyakar shekaru da darajar digiri, don haka duk shekarar da ka zauna jira tana rage maka ƙofofi. Takardar bayaninka ta zama shafi ɗaya, ta faɗi abin da ka yi da hannunka a SIWES da wurin bautar ƙasa. Ka koma wa mutanen nan na mataki na tara ka shaida musu ka kusa gamawa. Idan kasuwanci za ka yi, ka yi wa sunansa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe masa asusu, ka riƙa rubuta shiga da fita; gidauniyar Tony Elumelu tana buɗe neman jarin dala 5,000 a farkon kowace shekara, kuma masu rubutaccen lissafi sun fi iya cike fom ɗinta. Mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba kuma ya nemi takardar cikakken sakamakonsa da fasfo da wuri, saboda tallafin digiri na biyu irin na Commonwealth da PTDF.

Aikin farko zai iya zama koyarwa a makarantar kuɗi ko ƙaramin kamfani mai ɗan albashi. Ka karɓa idan za ka koyi wani abu, kana yi kana neman na gaba, domin mai shekara biyu a bakin aiki ya fi mai shekara biyu a majalisa daraja a idon mai ɗauka.

Gargaɗi: masu sayar da takardar ɗaukar aikin gwamnati suna nan, kuma gidajen talakawa suka fi nufa, har a sayar da gona ko shanu a ba su. Yawancin takardun na bogi ne, kuma mai saye ma ya shiga laifi. Idan an kawo wa Baba irin wannan tayin, ka roƙe shi ya bar gonar, ka nuna masa sanarwar da ke shafin hukumar da kanta, ka cike fom ɗin a gabansa.